Gira Ɗaya Kafin Lahadi

Saratu, jiya Laraba bayan abincin rana, ina kishingiɗe a doguwar kujerar falo, 'yata Hannatu tana guga a gefe, barci ya sace ni, na yi wani mafarki wanda har yanzu raina bai huce a kansa ba. Ke kika san ni tun muna ɗaki ɗaya a makarantar mishan, saboda haka ke zan faɗa wa.

Ga halin da ake ciki tukuna. An gama yi mini maganin ciwon daji, likita ya ce an dace. Gashin kaina ya zube, ban damu ba, ɗankwali ya rufa asiri. Gira da gashin ido kuwa ba a ɗaura musu ɗankwali. Lahadi mai zuwa zan tsaya gaban jama'a a majami'a in yi godiya, Hannatu ta nace sai ta zana mini gira da jagira. Ni da ko hoda ban taɓa shafawa ba. Na ce mata a'a, kuma ba na maimaita magana.

A mafarkin, ga ni a filin makarantarmu, an yi layin duba tsabta na safe, amma ƙasan filin siminti ne mai warin maganin asibiti. Ni ce mai dubawa. Waɗanda ke layin matan zumuntar majami'armu ne, tsofaffi da furfurarsu, sanye da kayan makaranta, sun miƙo hannuwa a duba farce. Sai biyu daga cikinsu suka fara hira a layi. Kin sani, duk shekarun da na yi ina koyarwa ban taɓa ɗaukar bulala ba. Girar dama nake ɗagawa, aji ya yi tsit. Na ɗaga. Suka ci gaba da hirarsu. Na sake ɗagawa har goshina ya yi zafi. Sai suka juyo gaba ɗaya, suka langaɓar da kai, suka ce, "Allah sarki, Mama. Sannu da jiki."

Na ce, "Ba jikina na tambaye ku ba. Wa ya ba ku izinin magana?"

Ɗaya ta ce wa ta kusa da ita, "Dubi yadda ciwo ya sanyaya ta, fuska fes kamar jariri." Ni kuwa a lokacin fushi nake yi sosai. Zufa ta gangaro daga goshina kai tsaye cikin ido, babu abin da zai tare ta, ido ya kawo ruwa. Suka ce, "Wayyo, kuka take yi," suka yi ta miƙo mini hankici.

Sai kawai na ga muna ɗakin koyon ɗinki. Baturiyar nan da ta koya mana, mai sa mu warware aiki in zare ɗaya ya kauce, tana zaune da farin ƙyalle a cinya, tana ɗinka gashin girata a kai ɗaya bayan ɗaya. Aikin ya yi kyau, ban ga aibi ba. Na miƙa hannu na ce nawa ne. Ba ta dube ni ba. Ta ɗaga ƙyallen wajen haske, ta girgiza kai, ta ɗauki allura ta warware duka. Na ce, "Me ya karkace? Nuna mini." Sai na ji wani abu mai sanyi yana tafiya a goshina a hankali.

Na buɗe ido, sai ga Hannatu duƙe a kaina da jagira a hannu. Ta riga ta zana girar dama.

"Mama, gwadawa kawai nake yi, ai da kin ga yadda..."

Na dube ta, goshina ya motsa kamar yadda ya saba. Hannatu, matar da ke da 'ya'ya har a jami'a, ta haɗiye sauran maganarta, ta ajiye jagirar a kan tebur, ta ce, "Ki yi haƙuri, Mama," ta koma wajen gugarta. Tun da na fara jinya ba wanda ya gane ina fushi sai jiya.

Na duba madubi. Layin bai miƙe ba, wutsiyarsa ta zarce inda ya kamata, kuma an yi mini shi ina barci, ba da yardata ba. Wannan ban yafe ba tukuna.

To, Saratu, ki faɗa mini gaskiya, kada ki lallashe ni, na ƙoshi da lallashi. Me ya sa Baturiyar ta warware aikin da ba shi da aibi? Nufin mafarkin in tsaya gaban jama'a yadda ciwo ya bar ni, su yi ta ce mini Allah sarki, ko in yarda da layin ƙarya domin a sake ganin fuskata yadda take?

Yau Alhamis. Ban wanke ta dama ba, ban kuma bari a zana ta hagu ba.