Hannun Baba Mai Agogo

Shekara talatin da ɗaya Baba Mai Agogo ya yi a shagon nan da bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Tebur ɗaya, fitila mai lanƙwasasshen wuya, gilashin da yake maƙalawa a idon dama, sai gwangwanayen sukurori ƙanana kamar ƙwayar yashi. Mutum ne marar hayaniya, amma fa akwai ji da kai a kan abu guda: hannunsa. Agogon da masu gyara uku suka ce ya mutu, shi zai buɗe, ya yi tsaki, ya ce, "Suma ya yi." Kuma wallahi sai ya tashi.

To, wannan hannun ne ya fara ba shi kunya. Ya ɗauki sukuru da hantsaki, ya kai bakin rami, sai ya zille. Ya sake, ya sake zillewa. Wata rana ya kwarzane fuskar agogon wani malamin makaranta, abin da bai taɓa yi ba ko yana koyo. Ya lura da safe lafiya lau yake aiki, amma ƙarfe goma na yi sai rawa ta fara. Shi da kansa ya yanke wa kansa hukunci: tsufa ne, hannun ba ya jure aikin fiye da awa biyu.

Ya daina shayi. Ya je asibiti, likita ya sa shi miƙe hannuwa, ya ce bai ga komai ba. Baba ya fito yana mita, wai yaran likitocin yanzu sai mutum ya faɗi ƙasa suke gane ciwo. Tsoro ya kama shi sosai, ya rame. Ya fara mayar da masu agogo masu tsada, yana cewa aiki ya yi masa yawa. Ƙarya ce tsagwaronta, batir kawai yake canzawa.

"Malam, in ka bar shagon me za ka yi?" maiɗakinsa ta tambaye shi. "Ka zauna min a tsakar gida kana gyara min yadda ake shara?"

Bai yi dariya ba. Ya ce ƙarshen wata zai mayar wa mai shago makullinsa.

Saura kwana tara sai ga wata mata daga ofishin tsara gari, da taswira a naɗe a hammata. Wata tsohuwa ce a bayan layin ta kai ƙara cewa bangon ɗakinta ya tsage, shi ne aka turo wannan ma'aikaciyar tana bi ƙofa ƙofa. Ta yi sallama, ta gaishe shi da ladabi.

"Baba, injin bulon nan na bayanku yana damunka?"

"Wane? Oho, na yaron nan. Ai ni na saba da ƙara, 'yata. Titi ne a gabana."

"Ban da ƙarar. Jijjiga fa?"

Ya ce shi bai ji wata jijjiga ba. Gaskiyarsa ne, wata bakwai yana zaune a kanta har jikinsa ya daina faɗa masa. Matar ba ta yi musu ba. Ta roƙi ruwan sha, ya zuba mata a kofi, ta ajiye a kan teburin aikin maimakon ta sha.

"Duba nan, Baba."

Ruwan yana ta rawa, zobe na bin zobe, ba wanda ya taɓa shi. Baba ya ƙura masa ido. Ya ɗaga gwiwar hannunsa daga kan tebur, ya miƙe yatsunsa a iska. Tsaf suke.

"Ƙarfe nawa yake tayar da injin?" ya tambaye ta.

"Goma, in ji maƙwabta."

"Innalillahi!" Ya dafe kai. Haba, wata bakwai! Wata bakwai yana tsinar hannunsa, ashe ƙasa ce ke rawa a ƙarƙashinsa.

Ta baje taswirar ta nuna masa. Wannan layin, a tsarin gari, na gidaje ne da ƙananan shaguna. Inji mai dukan ƙasa wurinsa daban, can gefen hanyar manyan motoci, kuma ko a can sai ya bar tazara tsakaninsa da bangon kowa. Mai bulo izinin ajiyewa da sayarwa ya karɓa, daga baya ya shigo da inji a hankali. Baba bai taɓa sanin akwai wata takarda a duniya da ta damu da teburinsa ba. Shi a zatonsa aikin mutanen ofishin nan shafa jan fenti a bango ne kawai.

Ba a rabu da daɗi ba, kada in yi muku ƙarya. Mai bulo ya zo har ƙofar shago yana huci, ya ce an haɗa baki za a raba shi da abincinsa. Abin ya taɓa Baba, don ya san zafin wannan magana fiye da kowa. Ya ce, "Ɗana, ni ban kai ƙararka ba. Amma zo ka sa hannu a teburin nan." Mutumin ya sa, ya ji yadda teburin ke rawa, ya tafi. Matar ofishin kuwa ba ta bar shi a rana ba, ta yi ta zirga-zirga har aka ba shi fili a inda ya dace. Ya ɗauki wata biyu kafin ya sake gaishe da Baba, kuma har yau gaisuwar a taƙaice take.

Ranar da aka kwashe injin, Baba bai taɓa komai ba da safe. Ya zauna yana jiran goma ta wuce, ya san in hannun ya yi rawa yau, ba sauran wanda zai ɗora wa laifi. Sha ɗaya ta yi. Ya jawo agogon wata nas, ƙarami kamar maɓallin riga, ya maƙala gilashi, ya yi bisimilla, ya ɗauki sukuru mafi ƙanƙanta.

Ya shiga a karo ɗaya.

Maiɗakinsa ta kawo abincin rana ta tarar da shi ya riƙe hannun damansa da na hagu, hawaye ya jiƙa gilashin.

"Malam, lafiya? Ciwon ne?"

"A'a," ya ce. "Haƙuri nake ba shi. Shekara talatin da ɗaya yana ciyar da mu, rana ɗaya na ƙaryata shi."