Kwandon da Na Auna da Ido

Ɗanmu na fari an haife shi a Garhanga, gidan iyayen matata, a shekarun da Turawa suke yaƙinsu. Na zo daga ƙauyenmu ranar suna, aka yanka rago, ban ko leƙa ɗakin ba. A wurinmu ɗan fari abin kunya ne. Ba ka ɗaukarsa, ba ka faɗin sunansa, in an ambace shi sai ka dubi ƙasa. Na riƙe wannan sosai, har ina jin daɗi a ce ni mai kunya ne.

Kwana goma bayan suna surukata ta aiko a kira ni. Yaron in ya kama nono sai ya saki yana haki, gumi ya jiƙa shi, leɓunansa su yi shuɗi kamar an shafa musu baba. Wanzami ya cire masa belu, an ba shi rubutu, babu sauƙi. Matata, da ba ta gama wankan jego ba, ta fito bakin ƙofa ta yi mini magana a gaban uwarta.

"Maigida, Madawa za mu. An ce akwai likita mai tsaga mutum shi gyara shi ɗumke."

Uwarta ta ce, "Ke! Ɗan fari na hwa. Ina kunyarki?"

"Ta ƙare, Inna."

Kwana biyu muka yi muna shiri. Ta yayyaga farin zanenta na aure, ta wanke ƙyallayen don ɗaure masa ƙirji bayan an yi aikin. Ta zuba man shanu a ɗan ƙoƙo saboda miki. Ni kuma na saƙa kwando na kaba na shimfiɗa auduga a ciki, tunda wanda aka tsaga ba ya goyuwa. Tsawon kwandon da ido na auna shi, daga nesa.

Ta hau jaki, ni ina gaba da igiya. A kan tudun duwatsu, kafin a gangara Buza, ta ce in tsaya.

"Amshe shi in gyara zanena."

Na waiga gabas da yamma. Babu kowa, sai duwatsu da wata shirwa a sama. Duk da haka na ce, "Aje shi cikin kwando." Ta dube ni, ta ajiye shi. Ba ta ƙara roƙona komai ba.

Likitan Madawa dogo ne, baƙin mutum daga ƙasashen yamma, Hausarsa a karye. Ya ɗora wani ƙarfe a ƙirjin yaron ya daɗe yana saurare, sannan ya sa mini igiyoyin ƙarfen a kunne. Na ji bugu da sauri, da wani huci kamar zugazugin maƙeri da ya huje.

Ya ce, "Zuciya ce. Wuƙata ba ta kai can. Ta kowa ba ta kai ba. Ku riƙe shi tsaye a ƙirji, ya fi samun numfashi. Hannu ya gaji, ɗaya ya karɓa."

Na ji shi sarai. A hanyar komawa ita kaɗai ta riƙe shi, wuni guda da rabi. Ina ta ce wa raina in mun wuce wancan dutsen zan karɓa. Muka wuce duwatsu da yawa.

Da hantsi yaron ya cika, dab da Buza. Matan wani gida da ba su san mu ba suka harhaɗa ƙyallayen nan suka ɗinka likkafani. Da aka gama wanka, liman ya ce uban ya zo ya ɗauka. Wannan kam, al'ada ba ta hana ba.

Na miƙa hannu biyu aka ɗora mini shi. Bai kai nauyin damin kaba ba. Da ɗuminsa ban san yadda yake ba, kuma wadda ta sani ba ta taɓa faɗa mini ba har ta rasu. Ni ma ban tambaya ba. Allah Ya yafe mini.