Zoɓon Inna da tsinken kwallin Gwaggo

Shekarar da ciwon ido na afolo ya shigo Yako, unguwarmu ta koma kamar an zuba wa kowa barkono a ido. Har akuyarmu sai da na leƙa nata.

Daga nan magana ta fito cewa zoɓon Innata ne ke kawo shi, wai tunda ja ne, idon wanda ya sha ma ja zai yi. Kafin sati ta kai Kiru a bayan achaɓa. Kullum sai in dawo daga talla da bokiti cike, ƙanƙara ta narke. Inna ta ce in Juma'a ta wuce a haka, ta bar sana'ar, ga shi da ita muke cefane.

Ni dai akwai sa ido. Na lura duk mai jan ido a layinmu sabon kitso ne a kanta, ko a kan matar gidansu. Mai kitson kuwa ɗaya ce, Gwaggo, yayar babana, wadda labari ba ya kwana a bakinta. Tana gama kitso sai ta rambaɗa wa mace kwalli kyauta, da tsinke ɗaya tal. An kuma faɗa mana a makaranta cewa ciwon yana bin hannu da kayan da ake haɗawa.

Bin gida-gida ba zai yiwu ba, sai na tafi wurinta. Na same ta ido jawur.

"Gwaggo, ashe ke ma kin sha zoɓon?"

"Ni? Ja'ira, da waɗanne haƙoran zan sha tsami?"

"To ina kika samo naki?"

Na kalli tsinken, ita ma ta kalle shi.

"Kai, Gwaggo, kin gano! Likitocin Kano ma ba su kai ki ba. Amma don Allah kada ki gaya wa kowa."

Kafin la'asar har mutanen garin Badafi sun ji cewa Gwaggo ta gano sirrin afolo. Ta jefa tsinken a wuta, ta kafa doka: kowace ta zo da kwallinta, ta wanke hannu da sabulu, mai jan ido ta zauna gida.

Ciwon ya ja baya. Ranar Juma'a bokitina ya ƙare tun kafin a sauko daga masallaci. Gwaggo da kanta ta sha kofi guda a gaban mutane, tana yamutsa fuska tana zagina.