Daga Tsakiya Muke Farawa

Mu a Kano ba mu taɓa ganin farkon komik ba. Littattafan nan na zane masu jaruman da ke tashi sama, a Sabon Gari muke tsintarsu wajen mai tsofaffin jaridu, wani ba bango, wani shafinsa na ƙarshe ya tafi ƙunshin ƙosai. Ni ne mai ɗan Turanci a layinmu, don haka ni nake fassara wa yara, inda takarda ta yage kuma in cike da baki. Kowa ya sani, ba wanda ya damu. Jarumin da na fi so, a wajenmu ɗan maƙeri ne, kakarsa ta ba shi maganin ƙarfe tun yana goye, shi ya sa harsashi ba ya cinsa.

Girma ya raba ni da su. Shekarun dubu biyu suka same ni a Greensboro ta Amurka ina aikin sito, ga 'ya ɗaya da ta shiga sakandare ta daina hira da ni. In na yi mata Hausa, sai ta mayar mini da Turanci, shi ma a taƙaice: "Okay, Baba." Ba rashin kunya take yi ba, abin faɗa ne ya ƙare a tsakaninmu. Abin yana ci mini rai, ina tsoron wata rana mu zama baƙin juna a gida ɗaya.

Wata Asabar na fito daga tashar bas ina bin titin Elm, sai na ga hoton jarumina a jikin gilashin wani shago. Mai shagon, wani Bature mai furfura, ya ce an sake labarin daga fitowa ta ɗaya, don sababbin masu karatu da kuma irina da suka daɗe da bari. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama, ga tsoho ga sabuwa a gidana. Na saya, na naɗe littafin na cusa a aljihu yadda muka saba. Mutumin ya kalle ni kamar na taka masa ƙafa, ashe su a leda suke ajiyewa.

Bayan La'asar muka zauna da littafin, ni da 'yata. An yi zane mai kyau, ba ƙarya. Amma shafi bayan shafi bayani ne: ga iyayensa, ga makarantarsa, ga ɗakin gwaje-gwajen da ya fashe ya ba shi ƙarfi. Tun ina yaro nake marmarin ganin farkon nan, sai ga shi ba gishiri. Ni an share mini wanda na sani, ita kuma ana ta yi mata lacca.

Na sha tunani a kan wannan daga baya. Masu sake labari daga farko suna zaton rashin sanin asali ne ke korar mutane. Ni dai ban gani ba. Baƙo ba ya jiran a karanta masa tarihin gida kafin ya shiga hira, wanda ke zaune kusa da shi ne ke jawo shi ciki. Abin da suka manta su saka a littafin ke nan, kuma ba na jin ana iya buga shi.

Ranar dai 'yata ta rufe littafin, ta ce, "It's fine," ta miƙe. Raina ya ɓaci, na yi gunaguni ni kaɗai: "Ai ba haka aka yi ba. Ina maƙerar?"

Ta tsaya a bakin ƙofa. "What maƙera?"

Na gaya mata, kaka da maganin ƙarfe da komai. Ta dawo ta zauna a hannun kujera, ta yamutsa fuska, ta ce to me ya sa ɗan maƙeri zai tashi sama? A layinmu ba wanda ya taɓa tambaya, ni ma ban taɓa tanadar amsa ba. Sai ta tambaye ni da me ake hura wutar maƙerar. Na kwatanta mata zuga-zugi da hannuwana biyu. Ta ce shi ke nan, iskar ce ta shige shi tun yana jariri, kwance kusa da babansa. Wallahi labarinta ya fi nawa, kuma na faɗa mata. Har aka kira mu cin abinci muna gardama a kan ko kakar tana da rai.

Da wata ya zagayo muka koma shagon tare. Baturen ya ɗauko mana fitowa ta biyu yana murmushi. Ta yi masa godiya, ta wuce can baya inda tsofaffin littattafai ke cushe a kwalaye. Ta daɗe tana tono, sannan ta zaro wani da ya koɗe, daga can tsakiyar wani labarin da ba mu sani ba. Ta miƙo mini, da Hausarta mai ɗingishi ta ce, "Baba, wannan. Babu farko. Kai ka fara, ni in gyara."