Rabin Maganar Baba

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa waɗanda yanzu sai an tuna mini, amma akwai guda ɗaya da nake jin har ƙasa ta rufe idona ba zai bar zuciyata ba. A Dutse ya faru, cikin shekarun da aka fara ƙaddamar da shari'a a jihohinmu. Lokacin ban daɗe da gama bautar ƙasa ba, na samu ɗan aikin ofis, ina haya a Limawa.

Mu biyu ne maza a wurin Baba, ni da yayana. Yaya ya sayar da shanun huɗar gidanmu ba da sanin Baba ba, ya yi kuɗin jirgi ya tafi Jidda aikin ɗinki. Tun daga ranar Baba ya daina ambatonsa. In Inna ta ɗauko zancensa, sai ya miƙe ya ɗauki buta. Haka aka yi shekaru.

Ina da wata tsohuwar kwamfuta a ɗakina. A bakin layinmu kuma akwai mai shagon intanet, wanda kowa ke kira Injiniya, da ya kafa ƙaton farantin kamo intanet a kan rufinsa. Na roƙe shi ya ja mini waya ta kan katangun maƙwabta har ɗakina. Da ita muke imel da Yaya, shi kuma yakan leƙa wani shago a can ya duba in ya samu sarari.

Da damina Baba ya kwanta ciwo a ƙauyenmu, can bayan Kiyawa. Ko wa'azin haƙƙi da ake ta yi ko'ina a lokacin ne ya taɓa shi, ko ganin jiki ya yi nisa ne, Allah ne masani. Ina yi masa fifita wata rana sai ya ce, "Ka gaya wa ɗan'uwanka na yafe masa." Na koma Dutse da murna na rubuta. Amsar da ta zo ita ce: "Ƙanina, na san ka da gyara zance. Baba zai yi tsaki, kai ka ce murmushi ya yi. In da gaske ne, in ji daga bakinsa." Ban ji haushi ba, don bai yi mini ƙarya ba.

Wayar hannu ba ta kai ƙauyenmu ba lokacin, Baba kuma ko zuwa zaure sai an riƙe shi. Sai na ari rakoda, na sayi sabon kaset na tafi. Baba ya sa aka tayar da shi zaune, ya ce a miƙo masa hularsa.

Inna ta ce, "Malam, ai ba ganinka zai yi ba."

Ya ce, "Ke dai miƙo. Ni na san ba ni da hula."

Ya yi magana yadda manya suke yi. Ya fara da gaisuwa: lafiyarsa, aikinsa, mai gidan da yake haya, zafin garin. Daga nan ya shiga faɗa. Ya tuna masa shekarar da ya tsaya jiran aron shanun maƙwabta har kowa ya gama huɗa, yadda shuka ta makara, yadda ya ji kunyar fita majalisa. Ya daɗe a nan. Sannan ya yi tari, ya ce, "To, ya wuce. Na yafe maka duniya da lahira. Ni ma in na ƙuntata maka, ka yafe mini. Allah ya yi maka albarka." Inna ta rufe fuska da mayafi ta fita.

Da na dawo Limawa na kunna rakodar a gaban kwamfutar har ta ɗauki maganar duka, na liƙa ta a imel, na danna turawa. Ɗan layin nan shuɗi mai nuna tafiyar saƙo ya motsa kamar faɗin farce, ya tsaya. Na yi sallar azahar na dawo, yana nan. Na yi la'asar, ya ƙara kaɗan. Sai aka ɗauke wuta, komai ya koma farko.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, shigowa ba ta da matsala. Shafukan jaridu suna buɗewa, saƙon Yaya yana faɗowa nan take: "Ina jira." Rubutu ɗan gajere ma yana fita. Muryar Baba ce kawai ta ƙi wucewa.

Babu abin da ban gwada ba. Na kashe na kunna. Na zare wayar na hura bakinta na mayar. Na rufe duk abin da ke buɗe a kwamfutar, ko shi ke cinye ƙarfin. Na ari tsani na bi wayar katanga bayan katanga, ina sallama ina ba matan gida haƙuri, har na tarar da wani haɗi da aka ɗaure da leda, rana ta cinye ledar, ruwa ya shiga. Na ɗauka na kama ɓarawon. Na kira Injiniya ya yanke wurin ya sake haɗawa, muka koma ɗaki muka zuba wa layin shuɗin ido. Ya ɗan fi sauri, ko kuma ni ne nake son in ga haka.

Injiniya ya ce, "Wai Malam, me kake turawa haka? Buhun gero?"

Na ce, "Maganar mahaifina ce."

Ya daina dariya. Ya ce, "Ka yi haƙuri. Layin nan, hanyar shigowarsa titin mota ce, ta fita kuwa turbar awaki. Ga mutanen shago su ma duk ta nan suke bi. Zo mu gwada a can."

Muka gwada a shagon da janareta, bayan ya roƙi masu amfani da sauran kwamfutocin su ɗan dakata. Ta yi nisa har na fara hamdala, sai ta katse. Ya share gumi ya ce, "Ba za ta wuce a dunƙule ba. Sai dai a yanka ta gunduwa-gunduwa."

Haka muka yi. Na zauna ina kallon gunduwoyin, zuciyata tana ce mini in fara tura ta ƙarshe, mai yafiyar. Amma na yi ta saƙa da warwara. Maganar babba ce, ya jera ta yadda ya so, wane ni in juya ta in sa ƙafa a wurin kai? Sannan ga Yaya da ya riga ya ce ina gyara zance. In na tura masa mai daɗin kaɗai, ba zai ce na datse sauran ba? Sai na yanke shawarar bin ta a jere. Har yau in na tuna, ba na iya cewa dalilaina marasa kyau ne. Sai dai ba su amfane ni da komai ba.

Gaisuwar ta wuce bayan ta cinye yini guda. Yaya ya rubuto: "Wallahi muryarsa ce! Na yi kuka a shagon mutane." Washegari faɗan ya wuce, shi ma da ƙyar. Na ɗora ta ƙarshe, tana tafe tana tsayawa, sai hadari ya haɗo daga gabas. Aka yi iska da tsawa irin wadda ban taɓa gani a Dutse ba. Da ruwa ya ɗauke, komai ya mutu, shiga da fita. Injiniya ya hau rufi ya sauko da wani ƙarfe a hannu, ya ce ya ƙone, kuma ba a samunsa a nan kusa.

Sai a lokacin na kwafi sauran a faifan kwamfuta na shiga motar Kano. Me ya hana ni yin haka tun farko? Kullum ina ganin saura kaɗan. A wani shago a Kano na buɗe imel ɗina, na tarar da saƙon Yaya: "Na ji. Wannan ce yafiyar da ka ce? Yana kwance ma shanun yake tunawa. Kada ka ƙara turo mini komai." Na riga na rubuta masa tun farko cewa yafiyar tana gaba, amma wannan rubutuna ne, ba muryar Baba ba. Na tura gunduwar ƙarshe, ta wuce. Na bi ta da saƙonni ina roƙonsa ya buɗe. Shiru. Ashe ya daina zuwa shagon gaba ɗaya.

Da na koma ƙauye, Baba ya ce, "Ya ji?"

Na ce, "An tura, Baba."

"Me ya ce?"

Na ce, "Yana gaishe ka sosai."

Ya dube ni ya daɗe, sannan ya juya fuskarsa bango. Bai sake tambayata ba. Kafin a yanke gero Allah ya karɓi abinsa.

Labarin rasuwar ya isa Jidda ta bakin matafiya. Kaset ɗin kuwa na ba wata 'yar garinmu da za ta Umara, ta je ta tarar Yaya ya sauya gida, kaset ɗin ya yi ta yawo hannu zuwa hannu kafin ya same shi. Da ya dawo gida bayan shekaru, muna zaune a zauren Baba ya ce mini watanni ya yi yana ɗauke da cewa mahaifinsa ya tafi da fushinsa. Ya ce, "Da na ji ƙarshen, na ji yana cewa in yafe masa, na amsa da ƙarfi ni kaɗai a ɗaki. To wa zai kai masa?" Bai ɗora mini laifi ba, ina jin da ya yi da na fi samun sauƙi.

Abin da na koya shi ne, ba kullum ake ba mutum damar ƙarasa zance ba. In hanya ta yi ƙunci, ko lokaci ya yi, a fara wuce da abin da rashinsa zai fi ciwo. Gaisuwa za ta iya jira, faɗa ma zai iya jira har abada, amma kalmar yafiya, in ta samu ƙofa, a bar ta ta fara fita.