Mabushin da Ke Tuɓe Takalmi

Shekara goma sha ɗaya ke nan ana faɗa a Saint-Aubrin wai Baba Ursin Pajot, mai busa algaitar salka (mai jakar fata da ake hura wa iska) a ƙauyenmu, yana tuɓe takalmi kafin ya hau dandamalin rawa ne saboda alwashin da ya ɗaukar wa tsohuwar budurwarsa, Ernestine, ranar da aka binne ta. Matar mai burodi har rantsuwa ta yi mini. Ni kuwa shekara talatin na koyar da 'ya'yan garin nan, na san yadda magana ke ƙiba tsakanin gidan burodi da bakin rijiya. Da na ji ranar Asabar zai yi busarsa ta ƙarshe, sai na ce bari in bincika da kaina.

Yininsa ba ɓoyayye ba ne. Da sassafe ya tatsi awaki, ya kora shanunsa biyu makiyaya, da hantsi ya zauna bisa benci yana shafa wa salkar mai kada fatar ta tsage. Shekara hamsin babu amaryar da ta taka zuwa coci ba shi ne a gaba ba. Shekarar da rafi ya cika ya shanye gada, mutane sun ga ya ɗora algaitar a ka, ya ratsa ruwa har ƙirji, don kada 'yar gidan Aufrère ta tafi aure shiru.

A kan bencin na same shi, ya ba ni baya.

"Baba Ursin, an tashi lafiya?"

Bai juyo ba. Na ɗaga murya, har kare ya yi haushi. Shiru. Sai na buga sandata a ƙafar bencin. Nan take ya waiwayo.

"Malama! Yau kuma laifin me na yi?"

Matarsa Leontine ta fito tana goge hannu. "Ke dai, Malama, ba kya ganin tukunya a rufe ki wuce."

Ta sa ya hura salkar, ta kara kunne, ta murɗa dogon bututun har amon ya daidaita, sannan ta taɓa kafaɗarsa sau biyu.

Na ce, "Tun yaushe?"

"Tun zazzaɓin da ya kwantar da shi. Da an sani, wa zai ƙara kiransa biki? Mai kiɗan akodiyan na zamani za su ɗauko daga birni. Wannan tsohon kuwa, in kin raba shi da busa, kin binne shi."

"To, maganar Ernestine fa?"

Ta yi dariya. "Ni na fara raɗa wa matar mai burodi. Ernestine! Ko rawa ba ta iya ba, Allah ya ji ƙanta."

Ursin yana kallon bakinta. "Zagina take yi, ko?"

"Yabonka nake, tsohon banza."

Sun ce in riƙe bakina sai bayan Asabar. Na riƙe. Ranar na tsaya kusa da dandamali, na ga ya ajiye takalman katakonsa, ya shimfiɗa tafin ƙafa a kan allo, bai kuskure ko taku ɗaya ba.

Ursin, kai ne ka raka iyaye coci, ka dawo ka raka jikokinsu. Kai ne mai busar da kowa ya ji daɗinta ban da kai. Ke kuma Leontine, shekara goma sha ɗaya mata suna yi miki kallon tausayi a kasuwa, kina sunkuyar da kai kamar gaske. Mun gode muku. Matasan da ke neman ya koya musu busa, su je tun yatsunsa na motsi, su kuma lura da wadda ke tsaye a gefensa.

Baba Ursin kurma ne. Yana tuɓe takalmi don ya ji takun masu rawa ta cikin katako, matarsa ce kuma ke daidaita masa algaitar.