Asabar ɗin da Aka Rufe Gidajen Kallo

A shekarun da nake aiki a gidan rediyo, duk Asabar ɗin da ƙungiyar ƙwallon kwalejin garinmu ke wasa a gida, ni ake miƙa wa lasifika in yi sharhi a bakin fili. Kocin ƙungiyar ne ya roƙe ni, don unguwarmu ɗaya a Daura. Kwalejojin da ke rukuninmu duk na kusa ne, daga Katsina da Kano da Jigawa. A tashi da hantsi, a buga bayan La'asar, kowa ya kwana a gidansu.

Sai labari ya zo cewa wani kamfanin talabijin zai sayi gasar. Za a rushe rukunonin, a zaɓi kwalejojin da za a riƙa nunawa, su raba kuɗin talla. Sauran a tattara su wuri guda. Manyan kwalejojin birni sun san matsayinsu tun kafin a gama magana. Mu kuwa aka ce sai an zo an duba mu.

Koci ya ɗauki abin da zafi, don ya san idan aka raba mu da maƙwabta, ƙungiyarsa ba za ta rayu ba. Ya ce da ni, "Malam, talabijin jama'a yake so. To, za su ga jama'a."

Abin da ke rage mana 'yan kallo shi ne gidajen kallon ƙwallon Turai, domin su ma ranar Asabar suke cika. Koci ya bi masu gidajen ɗaya bayan ɗaya, yana roƙon su rufe ranar da baƙin kamfanin za su zo duba mu. Na raka shi wurin wani Alhaji mai babban gidan kallo a bakin kasuwa.

"Haba Koci, Asabar fa ka ce? Ai ka ce mahauci ya zauna a gida ranar kasuwa."

"Yini ɗaya ne, Alhaji. In aka ɗauke mu, 'ya'yan unguwarku za ka riƙa nunawa a allon nan."

"Da wannan golan naka mai hannu kamar rariya? Sai dai in riƙa mayar wa mutane kuɗinsu."

Ya yi dariyarsa, amma ya rufe. Duk suka rufe. A garinmu mutum ba ya takowa da ƙafarsa har ƙofarka ka mayar da shi da kunya.

Ranar ban taɓa ganin taro irinsa a filin ba. Babura daga Zango, motoci daga Kongolam, har da waɗanda suka tsallako iyaka. Baƙin su biyu ne. Ba su iso fili ba sai da aka yi nisa da wasa, ashe gari suka zaga a motarsu. Aka ba su kujeru a inuwa, aka kawo fura da nono. Muka ci wasan.

Bayan an tashi, babban cikin baƙin ya tambayi Koci, ni kuwa ina tsaye a gefe ina naɗe wayar lasifika.

"Wai nan ba a kallon talabijin ne? Duk gidan kallon da muka gani, kwaɗo ne a ƙofarsa."

Koci ya gyara tsayuwa. "Yallaɓai, saboda ku aka rufe. Ga su nan duk sun zo."

Mutumin ya dubi taron da ke watsewa, ya ce, "Koci, waɗannan sun riga sun gani da idonsu. Mu wanda ke zaune gaban allo muke sayar wa mai talla." Bai faɗa da wulaƙanci ba. Ya yaba furar, ya shiga mota.

Ba na jin wannan kaɗai ne ya kayar da mu. Na fi zaton an yanke hukunci tun kafin su baro ofis. Amma Koci har yau kansa yake ɗora wa laifi, kuma ba ya yarda a ce masa ba haka ba ne.

Aka jefa mu rukunin ragowa, tare da kwalejoji daga wajen Sakkwato da Kebbi da Yobe. Motar kwalejin ba ta iya wannan tafiya. Yaran da suka fi iya taka leda suka nemi sauyin makaranta zuwa birni, kuma Koci bai hana ko ɗaya ba, shi ne ma yake kiran kocin can ya yabe su.

Wasanmu na farko a gida, yaran suka fito da rigunansu bayan La'asar. Na haɗa lasifika na gwada murya. Muka jira. Abokan karawar ba su zo ba, su ma ba su da yadda za su zo. Da rana ta yi ja, alƙalin wasa ya busa usur a fili wayam, ya ce mun ci maki uku. Wani yaro ya tambaya ko za su ɗan buga a tsakaninsu.

Koci ya ce, "Ku cire takalman. Kar su lalace a banza."